Zanen da Ba Shi da Mai Shi

An yi wani Sarkin Ɗinki a wani birni na ƙasar Hausa, sunansa Alhaji Isiyaku, dattijo mai ƙarancin magana da kaifin ido. Tun yana ƙarami allura ce a hannunsa, ya yi wa manyan riguna aikin aska takwas da hannu har ya daina tuna adadinsu, ya kuma tsufa ya tarar da zamanin da inji ke zuba wa babbar riga aiki cikin sa'a guda, abin da a da sai ya shafe wata biyu a kai. Bai yi fushi da zamanin ba, bai kuma yi rawar kai a kansa ba. Shi aka ɗora wa shugabancin layin masu aikin inji, shaguna goma sha biyu a jere, in rigima ta tashi gabansa ake zuwa.

Masu shagunan nan sun haɗa hannu sun sayi kwamfuta guda, suka ajiye ta a ɗakin ƙungiya da ke ƙarshen layi. Dalili kuwa, injin aiki ba ya gane zane sai an sa masa shi a filas, ɗan abin nan da bai kai tsawon yatsa ba, kuma zanen da aka yi wa ƙirjin ƙato ba ya zama a rigar ɗan shekara bakwai sai an rage shi a kwamfuta. Kowa yana da ikon ya shiga ya rage ko ya ƙara. Amma makullin ɗakin da kula da na'urar suna hannun wani mutum wai shi Munzali, wanda ya fi kowa a layin iya zana sabon aiki a allo. Shekara shida yana riƙe da wannan amana, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Ana saura kwana ashirin Sallah, shadda ta cika shaguna, sai bairos, cutar nan ta na'ura, ya shiga kwamfutar. Mutum zai sa filas ɗinsa ya rage zane, ya koma shago ya soka a inji, inji ya ce ba komai a ciki. A dawo a duba, a tarar sunayen zane sun ɓace, sai waɗansu alamomi na banza da in ka taɓa su cutar take ƙara yaɗuwa.

Munzali bai ruɗe ba, don ya san maganin abin. Akwai manhajar kariya a kwamfutar, wadda mutanen layin suke kira mai gadi. Ya sabunta ta, ya sa ta bi na'urar lungu-lungu tun hantsi har bayan azahar, ta kamo abin da ta kamo, ya killace na killacewa, ya goge na gogewa. Sannan ya bi shago-shago ya ce kowa ya kawo filas ɗinsa. Aka kawo goma sha biyu, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, zanen da cutar ta ɓoye duk suka dawo. Aka yi ta sa masa albarka.

Kwana biyu tsakani, cutar ta dawo.

Ya sake wankewa. Ta sake dawowa. A karo na uku ya lura da wani abin da ya ƙona masa rai: duk lokacin da ya fita cin abinci ko ya tafi masallaci, in ya dawo sai ya tarar an kashe mai gadin. Ya tambayi kowa, kowa ya rantse bai san zancen ba. Ya rubuta takarda ya manna a jikin allo cewa don Allah a daina kashewa, ya dawo ya iske wani ya goge maiƙon ƙosai da ita. Ya ce to zai riƙa kulle ɗakin in zai fita, aka taso masa a ka, wai kwamfutar ba ta gidansu ba ce. Munzali mutum ne mai haƙuri, amma a makon nan an ji shi yana magana shi kaɗai, yana tsaki har na maƙwabcin shago ya leƙo ya ga ko lafiya.

Abin da bai sani ba shi ne maganar da ke yawo a bayansa. Wanda ya fara ta kuwa Alhaji Lawandi ne, mai shago mafi girma a layin, inji uku gare shi da murya ɗaya da ta fi ukun ƙara. Shi ne ya tsaya a bayan Munzali ranar wankin farko, ya ga sunayen zanensa suna wucewa a allo ɗaya bayan ɗaya da gudu, ya koma shago ya tara mutane ya ce musu, “Ni fa na gani da idona. Abin nan da yake kira bincike, kwashewa ne. Duk sunan da ya gilma a allon nan ya shiga cikinsa. Shi yake sakin cutar, mu kawo masa da hannunmu, ya ɗebi wanda ya ga dama.”

A sana'ar nan ba abin da mutum yake kishi kamar zanensa. Inji kowa na iya saya, zare kasuwa ɗaya ake zuwa, amma zanen da zai sa ango ya tsallake shago goma ya zo naka, shi ne abincinka. Saboda haka maganar Alhaji Lawandi ba ta sha wahalar samun masauki ba. Kafin mako na biyu ya ƙare, masu shaguna suka tafi gaban Sarkin Ɗinki da buƙata ɗaya: a karɓe makulli daga hannun Munzali, a sallame shi daga layin, a kuma sanar da sauran layukan birni dalilin sallamarsa. Wanda aka kora da sunan ɓarawon zane kuwa, ba shagon da zai sake ba shi ko ɗinkin maɓalli.

Aka zauna da safe a rumfar da ke gaban ɗakin ƙungiya. Alhaji Lawandi ya yi magana mai tsawo, ya rufe da cewa, “Ranka ya daɗe, sau uku yana wankewa, sau uku tana dawowa. Ko dai bai iya ba, ko kuwa ya iya fiye da kima. Duk wanda ya kasance a ciki, makullinmu muke so.”

Sarkin Ɗinki ya juya ga Munzali ya ce, “Ka ji. Me ka ce?”

Munzali ya buɗe hannuwa don takaici. Ya ce, “Baba, wallahi na gaji. Na wanke kwamfuta, na wanke filas goma sha biyu, sau uku. Cutar nan ba aljani ba ce, ba ta shigowa ta taga. Sai an kawo ta a filas an soka. In na juya baya a kashe mai gadi, in na tambaya a ce ba a sani ba. Sunayen da Alhaji ya gani suna wucewa, dubawa ake yi, ba ɗauka ba, na faɗa har bakina ya bushe. Shekara shida ina zana wa mutanen nan aiki, yau ni ne ɓarawo?”

Sarkin Ɗinki ya sunkuyar da kai. Al'amarin ya tsaya masa a wuya, domin in ya bi jama'a ya kori mutumin da ba a kama da komai ba, in ya bi Munzali kuwa ba shi da shaidar da zai nuna, kuma mutum goma sha biyu ba sa zama lafiya da wanda suke zargi. Shi ba masanin kwamfuta ba ne, ko kunna ta bai taɓa yi ba. Da ya ɗago kai sai ya ce, “Kowa ya kawo filas ɗinsa, a sake wankewa.”

Munzali ya ji kamar ya ɗora hannu a ka. Duk wannan taro, duk wannan nazari na manya, a ƙare da wanki na huɗu! Amma bai iya musu da dattijo ba. Aka kawo filas goma sha biyu aka jera a faranti. Kafin a soka na farko, Sarkin Ɗinki ya tambayi kowa da sunansa, “Iyakarsa ke nan? Ba wani?” Kowa ya ce iyakarsa ke nan. Alhaji Lawandi ma har da dafa ƙirji.

Sarkin Ɗinki ya sa aka ajiye masa kujera kusa da allo, ya ce duk filas ɗin da aka gama wankewa a buɗe masa zanen da ke ciki ɗaya-ɗaya ya gani. Aka yi ta buɗewa, dagi da tambari da aska biyu da na zamani masu furanni, sun fi ɗari uku. Idon dattijon ya kan lumshe har mutane su fara taɓa juna, Munzali kuwa yana danna na'ura yana cizon leɓe, yana cewa a ransa, ga shi za a yanke masa abinci kuma alƙalin gyangyaɗi yake yi.

Da aka gama, Sarkin Ɗinki ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya ce zai miƙe ƙafa. Ya bi layin a hankali, jama'a na biye da shi, yana duban rigunan da aka rataye a bakin shaguna suna jiran masu su. Ya tsaya a shago na biyu ya taɓa wuyan wani kaftani, ya wuce. Ya tsaya a na biyar, ya wuce. Da ya isa shagon Alhaji Lawandi sai ya ja ya tsaya gaban wata babbar riga ruwan toka, aikin ƙirjinta reshe ne da ya nannaɗe dagi uku ya sauko har aljihu. Aikin da ya sa sunan shagon ya zagaye birni ke nan a shekarar.

Ya ce, “Lawandi, aikin nan ya yi kyau. Na wane ne?”

“Nawa ne, ranka ya daɗe.”

“To, na zauna tun safe an nuna mini duk abin da ke cikin filas ɗinka, ban ga wannan ba. Ban kuma ga na kaftanin shago na biyu ba, ban ga na shago na biyar ba, da waɗansu shida da na wuce. Idona ya tsufa a kan karatu, amma bai tsufa a kan zare ba. Inji kuwa kun ce ba ya ɗinka abin da ba a sa masa ba. Daga ina ya samo?”

Alhaji Lawandi ya gyara hula, ya ce wai tsohon aiki ne, filas ɗin ya ɓace tuntuni. Zaren da ke jikin rigar ko gama yanke jelarsa ba a yi ba, amma Sarkin Ɗinki bai ƙaryata shi ba. Ya ce a sauko da rigar a kai ɗakin ƙungiya, a shimfiɗa a gaban Munzali. Ya tambaye shi, “Ɗana, in ka dubi wannan da ido kawai, za ka iya zana shi a na'urarka?”

Munzali ya duba ya ce, “Kafin la'asar, Baba.”

“Tun yaushe ka san za ka iya?”

“Tun ranar da na fara ganin irinta a masallacin Juma'a, a jikin wani ango.”

“Me ya hana ka?”

Munzali ya dube shi kamar an tambaye shi me ya hana shi shiga gidan wani. Ya ce, “Ai ba nawa ba ne.”

Sarkin Ɗinki ya ce, “Yau na ba ka izini. Zana.”

Ya zauna ya zana, mutane na tsaye a kansa ba mai motsi. Ba a kira la'asar ba ya gama. Aka kai inji, aka ɗinka a ƙyallen gwaji, aka ajiye kusa da rigar. Alhaji Lawandi ya sunkuya ya duba sama, ya duba ƙasa, ya nemi bambanci ko na zare ɗaya bai samu ba, gumi ya fara keto masa.

Sai Sarkin Ɗinki ya zauna, ya dogara da sandarsa, ya ce:

“Ku saurare ni, 'ya'yana. Kun ce mutumin nan ya saki cuta don ya saci zanenku. Ga shi kun gani, wanda yake iya ɗauka da ido ba ya buƙatar cuta. Kuna ɗinka sirrinku a ƙirjin mutum, ya sa ya tafi Idi gaban dubban jama'a, sannan ku dawo kuna ɓoye shi ga na'ura. Shekara shida ba makulli ne ya tsare muku zanenku ba, halin Munzali ne. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, na tambaye ku ɗaya-ɗaya ko akwai wani filas, kun ce babu, ni kuwa ba na ƙaryata magidanci a gaban jama'a. Na karɓi maganarku. Tunda babu, to zanen nan tara da na gani a jikin riguna ba su cikin filas ɗin kowa, abin da ba ya hannun kowa kuwa ba shi da mai shi. Hukuncina shi ne, Munzali zai zana su duka tara, a raba wa shaguna goma sha biyu kowa ya ɗinka. Sai fa in wani ya kawo filas, aka buɗe a allon nan, aka ga zanen a ciki. Wannan kam nasa ne, ba mai taɓa masa.”

Aka fara kallon-kallo. Mai shago na biyar ne ya fara tari, ya sa hannu a aljihun ciki na wandonsa, ya fito da filas ɗaure da zare. Wani ya koma shago da sauri ya dawo da nasa cikin gwangwanin allurai. Wani daga cikin kube na wuƙar yankan zare. Munzali yana tsaye yana kallon farantin nan yana cika, baki buɗe, ya rasa dariya zai yi ko kuka. Mako biyu yana wanke goma sha biyu, ashe waɗansu tara suna yawo a jikin mutane, suna jira ya tafi cin tuwo a kashe mai gadi a soka su. Ya ce, “Haba jama'a! Haba don Allah!”

Alhaji Lawandi ne na ƙarshe. Ya tsaya ya tsaya, ya dubi rigarsa, ya dubi ƙyallen gwajin, sannan ya cire hularsa ya zaro filas daga cikin naɗinta. Ya ce shi dai da sharaɗi: a buɗe a nuna zanen, amma kada a sa mai gadin nan ya karanta masa kaya. Sarkin Ɗinki ya dubi Munzali, Munzali ya ce sai dai a cire duk sauran filas tukuna, kuma shi ba ruwansa. Aka yi yadda Alhaji ya so. Aka soka, aka buɗe.

Ba komai a ciki. Ba reshe, ba dagi, sai alamomin nan na banza a jere.

Alhaji Lawandi ya ce, “Inna lillahi! Shekaranjiya da shi na ɗinka rigar nan!”

Sarkin Ɗinki ya ce a hankali, “Ni dai abin da na ce, a buɗe a gani. Ban gani ba.”

Alhaji Lawandi ya juya ga mutumin da ya nemi a kora da safe. Muryar nan da ta fi inji uku ta koma ƙasa har sai an kasa kunne. Ya ce, “Malam Munzali, ba yadda za a yi?”

Munzali ya ja numfashi. Maganganu da yawa suka zo masa baki, na mako biyu cif, ya haɗiye su. Ya ce, “Akwai, Alhaji. Abin da nake ta faɗa muku ne. Cutar ɓoyewa take yi, in aka cire ta zai iya dawowa. Amma sai mai gadi ya bi ta kan kowane zane da ke ciki, sunayen nan kuma za su wuce a allo kamar yadda ka gani. In ba ka yarda ba, ga filas ɗinka.”

“Kunna shi.”

“Kowa ya ji? Ba ni na ce ba.”

“Na ce kunna shi, don girman Allah!”

Munzali ya kunna. Sunaye suka fara gudu a allo, Alhaji Lawandi ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin, yana bin su da ido yana motsa baki. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna ja, ta lissafo cuta iri huɗu a filas ɗaya. Munzali ya goge su, ya fito da abin da aka ɓoye, ya danna suna ɗaya. Reshen ya bayyana, ya nannaɗe dagi uku. Alhaji Lawandi ya zauna daɓas a kan benci, hularsa a hannu.

Sarkin Ɗinki ya ce, “Na gani. Naka ne.” Ya juya ga Munzali ya ce ya goge wanda ya zana, Munzali ya ce ai tun da aka gama ɗinka ƙyallen ya goge. Aka bi sauran takwas aka wanke, ba ɗaya da aka samu lafiya. Aka sake bin kwamfutar kaf kafin magariba, daga ranar cutar ba ta ƙara dawowa ba.

Kafin a watse, Alhaji Lawandi ya miƙe a gaban mutanen da ya tara da kansa, ya ce ya yi wa Munzali ƙazafi, yana neman gafara. Sarkin Ɗinki ya ɗauki makullin da aka ajiye a gabansa tun safe ya miƙa wa Munzali. Munzali ya dube shi bai karɓa da wuri ba. Ya ce, “Na yafe, Alhaji. Amma Baba, in zan karɓa, a bar ni in sa wa mai gadin nan lambar sirri, kada kowa ya iya kashe shi sai ni. Wanda kuma ya ga ba zai iya nuna masa kayansa ba, ya rage zanensa da almakashi.” Aka yi dariya, har da waɗanda abin ya shafa. Sarkin Ɗinki ya ce an ba shi, sannan Munzali ya karɓi makullin.

Masu ba da labarin nan sukan ce, mai magani ba ya warkar da abin da ba a nuna masa ba, kuma duk wanda ya ɓoye kayansa ga mai duba su don tsoron sata, ya sani ba kayan yake tsarewa ba, cutar da ke cinsu yake yi wa gadi.